Hoto a Gaba, Gaskiya a Baya: Tsofaffin Ƙasidun Tallar Mota da Ilimin Jan Tirela

Lacca ga taron masu sha'awar tsofaffin motoci, kanikawa da direbobi

 



Da aka ce in zo in yi magana kan tsofaffin motoci, na san wasunku sun zaci za su gan ni cikin wata tsohuwar Marsandi mai sheƙi. Sai ga ni da jakar takardu. A yi mini afuwa. Abin da ke cikin jakar nan shi ne irin ƙasidun nan masu launi da kamfanonin mota suke bugawa su raba kyauta a shagunan dillalansu. Na fara tara su tun ina ɗalibi a Amurka, kuma har yau uwargida tarkace take ce musu. Abin da nake so in nuna muku kafin mu tashi shi ne, ƙasidar talla baki biyu gare ta. Da bakin gaba take zuga, da na baya take faɗin gaskiya. Kuma babu inda gaskiyar take fitowa tsirara kamar shafin da ke bayanin nauyin da mota za ta iya ja.

Bari in gyara wata kalma tun da wuri. A nan gida in an ce tirela, hankali kan tafi ga doguwar motar da ke ɗauko siminti daga Obajana ko ta kai shanu Legas. Wadda nake nufi yau ƙaramar ce, wadda ba ta da inji, ake maƙala ta a bayan motar gida. Wata ta kaya ce, wata ta ɗaukar jirgin ruwa ko doki, wata kuwa gida ce sukutum, da gado da murhu da makewayi. Mun saba cewa wayar tafi-da-gidanka da kotun tafi-da-gidanka. To ga tafi-da-gidanka na zahiri.

Bakin gaba: masu zanen mafarki

Tun shekarun 1920, kamfanin General Motors a ƙarƙashin Alfred Sloan ya ɗora Amurkawa kan al'adar sauya fasalin mota kowace shekara. Da kaka ta yi, sai sababbin samfura su fito, dillalai su lulluɓe tagogin shagunansu har ranar buɗewa, jama'a su yi dafifi kamar ranar hawan salla. Wanda ba shi da kuɗin mota ba ya komawa gida hannu rabbana, zai tafi da ƙasida. Yara su kwana da ita a ƙarƙashin matashin kai, uba ya riƙa leƙa ta yana lissafin albashi.

Su wa ke zana waɗannan hotuna? Waɗanda suka fi shahara mutum biyu ne, Art Fitzpatrick da Van Kaufman, waɗanda suka yi wa Pontiac aiki daga 1959 zuwa 1971. Fitzpatrick ke zana motar, Kaufman, wanda ya taɓa aiki a kamfanin Disney, ya zana mutane da wurin. A 1959 Pontiac ta ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyinta na dama da na hagu, ta mai da faɗin nan abin talla. Sai masu zanen suka ƙara gishiri. Motar da ke takarda ta fi ta shago faɗi, ta fi ta kwanciya a ƙasa, ga ta a bakin teku ko a ƙofar wani babban otal, mutanen da ke kewaye da ita ba mai alamar bashi a fuskarsa. A Jamus ma haka Bernd Reuters ya yi wa Volkswagen Beetle a shekarun 1950: ya ja ta ta yi tsawo, har ka rantse mutum biyar za su miƙe ƙafa a ciki. Duk wanda ya taɓa zama a bayan Beetle ya san yadda gwiwa take gaisawa da haɓa.

Ban kira wannan zamba ba. Mai tallar fura ma ba ta cewa nononta ya kwana. Mai saye ya san zane yake kallo. Sai dai in ka ci gaba da buɗa shafuka, launi zai riƙa raguwa, rubutu ya riƙa ƙanƙancewa, har ka iso shafin ƙarshe inda babu bakin teku, sai jadawali da alƙaluma. Wannan shafin ba mai zane ya rubuta shi ba. Injiniya ne, da lauyan kamfani tsaye a kansa.

Gardamar da na gani a Hershey

A garin Hershey na jihar Fensilbaniya, garin da aka sani da cakulan, ana cin wata babbar kasuwar tsofaffin motoci da kayan gyaransu duk watan Oktoba. A can kuma ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka take da ɗakin karatu da ke cike da irin waɗannan takardu. A kasuwar akwai masu rumfunan da ba sa sayar da ko noti ɗaya, sai takarda zalla, jere cikin kwalaye, kowace a ledarta, an rubuta shekara da sunan kamfani.

A gaban irin wannan rumfa na tarar da wasu dattawa biyu suna sa-in-sa. Ɗaya ya ce Chrysler ɗin mahaifinsa, yadda aka sayo ta daga shago ba a ƙara mata komai ba, ta ja musu gida mai taya har suka tsallaka duwatsun yammacin ƙasar ba ta yi tari ba. Ɗayan ya ce sam, ai da giyar baya ta yau da kullum ba inda za ta je, sai dai in uban ya yi odar motar da kayan ja yaron bai sani ba. Wannan ya rantse, wancan ya rantse. Mai rumfa bai ce uffan ba. Ya sunkuya ya zaro wata siririyar ƙasida, wadda kamfanin ya buga musamman don masu jan tirela, ya buɗe ta a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Giyar baya ta gama-gari 2.76 ce, ta jan nauyi kuwa 3.23. Dattijon farko ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lallai ya tuna motar tana shan mai fiye da ta maƙwabcinsu, kuma bai taɓa sanin dalili ba sai yau. Ya biya kuɗin ƙasidar ba tayi.

Kanikawan da ke nan sun gane lissafin. A 2.76, farfela za ta juya sau 2.76 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. A 3.23 sai ta ƙara juyi. Inji ya fi yin ƙara, mai ya fi tafiya, amma ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru, kamar mai keke da ya sauko giya a hawa. Shekara kusan hamsin mutumin nan yana ba da labarin ƙuruciyarsa da kuskure, layi ɗaya a tsohuwar takarda ya gyara masa. Tun ranar na koma karanta ƙasida daga baya zuwa gaba.

Me ya sa Amurkawa suke jan gida?

Ƙasarsu faɗi gare ta, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu mai ya yi araha, albashi ya yi kauri. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Ma'aikaci ya samu hutu, ya kwashi iyali, ya maƙala gida a baya, ya nufi gandun daji ko bakin tafki, ba kuɗin otal.

Madugun wannan harka shi ne Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream. A 1936 ya fito da wata tirela mai jikin alminiyon da aka ɗinke da ƙusoshi kamar jirgin sama, mai siffar kwakwa, don iska ta zame ta wuce. Na kira shi madugu da gangan, domin ayari yake haɗawa. A 1959 ya jagoranci tirela 41 suka tashi daga Kef Taun suka nufi Alƙahira, suka ratsa Kwango da Habasha, inda suka gana da Sarki Haile Selassie. Kalmar da Turawan Ingila suke kiran wannan gida mai taya ma asalinta ta Farisa ce, kuma ma'anarta ayari. Kakanninmu fatake da suka yi ta safarar goro daga Gwanja da sun ga tsarin da sun gane shi: mai gaba, mai baya, zango, da dokar cewa ba a barin wanda dabbarsa ta gaza.

Akwai wani fim na barkwanci da ya fito a 1954, The Long, Long Trailer, na Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz. Ango da amarya ne suka sayi tirela mai tsawon ƙafa 36, kusan mita 11, suna ja da Mercury ƙirar 1953. Amarya tana tsintar duwatsu a duk inda suka yada zango don tunawa. Da za su hau wani tsauni ango ya ce a zubar, ita kuwa ta ɓoye su a lungunan tirelar. Abin da masu sha'awar mota suka fi so a fim ɗin bai shafi amarya ba. Sun lura cewa a wuraren hawan dutse motar ta sauya. Mercury mai ƙarfin doki 125 ba ta iya hawan da wannan kaya, sai masu shirya fim suka kawo Lincoln mai doki 205, suka yi mata fenti da kwalliya ta yi kama da Mercury. Kun gani, an yaudari mai kallo, amma dutsen sai da aka kawo masa injin da ya nema.

Bakin baya: abin da jadawali yake faɗa

A ƙasidun shekarun 1960 da 1970 an kasa ja gida uku. Aji na farko har zuwa fam 2,000 na nauyi, wato kilo 900 da 'yan kai. Na biyu fam 3,500, kusan kilo 1,600. Na uku fam 5,000, wasu manyan motocin ma har 7,000, wato sama da tan 3, nauyin buhun siminti 63. Motar gida ce fa, mai ƙofa huɗu, wadda ake kai yara makaranta da ita.

Amma a gefen kowane adadi akwai sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne karatun. Sai ka yi odar motar da abin da suke kira kunshin kayan ja. Ga abin da ke ciki da dalilinsa.

Na farko babban lagireto da fanka mai ƙarfi. Injin da ke ja a hawa yana aiki da totur a buɗe, motar kuma tana tafiya a hankali, iskar da ke shigowa ta gaba ba ta da yawa. Zafi ya ƙaru, mai sanyaya shi ya ragu.

Na biyu, ƙaramin lagireto na man giya. Wannan shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi kashe mota. A giya mai sarrafa kanta, mai ne ke ɗaukar ƙarfi daga inji zuwa giyabos. In nauyi ya yi yawa, sai ɓangaren inji ya riƙa juyawa fiye da na giya, bambancin nan kuwa zafi yake zama. Man ya ƙone, ya yi baƙi, ya yi wari, faifan ciki su sule. Mai mota ya ce giya ta mutu haka kawai, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Na uku giyar baya da muka ambata. Na huɗu sifirin da shokozoba masu tauri, da tayoyi masu jure lodi. Na biyar babbar altaneta da wayoyin da za su kai wuta ga fitilun tirela da birkinta, domin tirela mai nauyi a Amurka birkin lantarki gare ta, kuma akwai ɗan akwati kusa da gwiwar direba wanda zai iya kama birkin tirelar ita kaɗai da hannu.

Sai ita kanta ƙugiyar. Manyan motocin Amurka na wancan zamani shasi gare su na ƙarfe, bodi a kai aka ɗora, don haka akwai ƙashin da za a ɗaure ƙugiya a jikinsa. Ƙasidun suna jan kunne kada a rataya tirela mai nauyi a bamba ko a aksil. Ga babban nauyi kuma akwai ƙugiya mai rarraba lodi, mai sandunan ƙarfe biyu da ake ɗaurewa da sarƙa a hancin tirelar. In ka maƙala tirela, bayan mota kan zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su koma haska rassan bishiya. Sandunan nan aikinsu irin na hannun baro ne: suna ɗaga tsakiya, su mayar da wani kaso na nauyin kan tayoyin gaban mota da na tirela. Ƙarshe, sarƙoƙi biyu da ake gittawa a ƙarƙashin hancin, don in ƙugiya ta kuɓuce hancin ya faɗa kansu maimakon ya soki kwalta.

Darasin da na koya a bakin hanya

Akwai layi ɗaya da kusan kowace ƙasidar ja ta Amurka take maimaitawa: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiya. Na karanta shi ba adadi. Ban fahimce shi ba sai da jiki ya gaya mini.

Bayan na dawo gida, wata rana na ɗauko injin ban-ruwa da buhunan taki a wata 'yar tirela da na sa aka ƙera mini, ina ja da doguwar Peugeot 504. Ni da kaina na ce a jera buhunan a can baya, don saukewa ta yi sauƙi. Muna tafe lafiya har allura ta wuce 80. Sai ƙanena da ke gefe ya ce, “Yaya, bayan nan fa rawa yake yi.” Kafin in duba madubi, tirelar ta wurga bayan motar dama, ta dawo da shi hagu, kowane juyi ya fi na baya faɗi. Sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ƙafata ta nufi birki, Allah ya sa na tuna karatu, na ɗage ta daga totur kawai na riƙe sitiyari a miƙe. Muka ci faɗin titi duka kafin abin ya lafa. Da akwai mota tafe ta gaba, da wani ne yake ba ku lacca yau.

Mun tsaya a gefe gwiwoyina na karkarwa, sai ga wani dattijo da amalanken shanu. Ya tsaya, ya zaga tirelar, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin hancinta ya ga ba nauyi. Ya ce, “Ɗana, wa ya yi maka wannan lodin?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya ce, “To ko jaki ba a yi wa haka.” Ya nuna mini nasa amalanken. In kaya suka koma bayan taya, karkiya sama take yi ta shaƙe shanu, amalanken ya riƙa wutsil-wutsil. In suka taru a gaba, wuyan shanu ya sha wuya. Sai a sa kaya su ɗan rinjaya gaba, yadda karkiya za ta zauna daram. Muka dawo da buhu huɗu gaban taya. Ya sake gwadawa da hannu, ya ce, “Yanzu ka yi lodi.” Har gida tirelar ba ta sake motsi ba.

Abin da injiniyoyin Amurka suka rubuta da alƙaluma, Baba ya san shi da tafin hannu. In tsakiyar nauyi yana gaban tayar tirela, duk lokacin da ta kauce sai ta dawo layi da kanta. In yana baya, kowace kaucewa haifar wata take yi. Kuma kowace tirela tana da gudun da in an wuce shi rawar ba ta mutuwa da kanta. Mugun lodi sauko da wannan iyaka yake yi, har ya zo daidai gudun da kake yi kullum.

Wannan ne ma yake warware wata gardama da masu sha'awar mota ba sa gajiya da ita: me ya sa mota iri ɗaya, a ƙasidar Turai a ba ta izinin jan nauyi fiye da a ta Amurka? Turawan Turai suna ɗora wa ƙugiya kaso kaɗan, suna tara nauyin tirela a kan tayarta, sannan doka ta daure gudun mai ja. A Ingila mil 60 a awa ne iyaka a babbar hanya, a Jamus kilomita 80 sai in an samu izini na musamman. Ba'amurke kuwa yana so ya ja gidansa da gudun sauran motoci, awa goma a jere. Kowace ƙasida da irin hanyar da take magana a kai. Wanda ya ɗauki adadin Turai ya yi gudun Amurka ya haɗa wa kansa faɗa.

Ranar da dawakai suka ɓace

Ko shafin baya ma ba kullum yake da tsarki ba. Ku ɗauki ƙasidun Cadillac Eldorado. Injinta mai lita 8.2 an rubuta masa doki 365 a 1971. A 1972 aka rubuta 235. Ina doki 130 suka shiga cikin shekara ɗaya? Ba inda suka je, domin tun asali ba su taɓa isa taya ba. Kafin 1972 ana gwada inji ne tsirara a kan benci, ba fanka, ba matatar iska, ba salansa ta ainihi. Daga 1972 aka koma gwada shi da duk kayan da yake ɗauke da su a cikin mota. Mudun aka gyara, hatsin yana nan yadda yake. Duk mai kwatanta tsofaffin motoci da bai san wannan shekara ba zai yi ta gardama a kan iska.

Daga nan zamani ya juya. Takunkumin man fetur na 1973 ya sa Amurkawa bin layi a gidajen mai. A 1975 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan mai, a 1977 General Motors ta rage girman manyan motocinta. Motocin gida suka koma masu ja da tayar gaba, bodi da shasi a haɗe. Jan nauyi ya koma hannun a-kori-kura da manyan jif. Cadillac Fleetwood, wadda da kayan ja aka yarje mata fam 7,000, tana cikin na ƙarshe. A 1996 aka daina ƙera ta, masana'antar da ke Arlington a jihar Tekzas ta koma ƙera jif.

Da ja ya zama abin gasa tsakanin masu a-kori-kura, sai adadin da ke shafin baya ya tsallako shafin gaba, ya koyi halin mutanen can. Kowane kamfani da mudunsa, kowace shekara adadi na hawa. Sai da ƙungiyar injiniyoyin mota, SAE, ta fito da ma'auni ɗaya mai lamba J2807 a 2008. A cikin gwaje-gwajen akwai hawan hanyar madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona: kimanin kilomita 18 ana hawa, tsayin da ya kai wajen mita 900, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure, kuma kada gudu ya sauka ƙasa da mil 40 a awa, kada allurar zafi ta yi gargaɗi. Akwai kuma tashi daga tsaye a kan gangare mai kashi 12 cikin ɗari, sau 5 cikin minti 5. Toyota ta fara bin ma'aunin a motocin 2011, adadin wasu motocinta ya ragu. Sauran manyan sai wajen 2015 suka bi sahu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a ƙarshe dutse aka koma wa ya yi alƙalanci.

Abin da ya shafe mu

Titunanmu cike suke da motocin da aka yi wa kasuwar Amurka. Ku leƙa ƙarƙashin bambar wata Sienna ko Highlander, za ku iya ganin wani rami mai kusurwa huɗu na ƙarfe. Mazaunin ƙugiya ne. Sienna mai kayan ja fam 3,500 aka yarje mata. Fam aka ce, ba kilo ba, kuma rabin adadin ma bai kai ba in aka juya shi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya, kuma nauyin da hancin tirela ya ɗora a ƙugiya daga cikin wannan adadi ake cire shi. In ka cika mota da mutum takwas da buhuna, ba sauran abin da ya rage wa tirela. Ku tuna kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 na tsayi. Motar da ta hau Hawan Kibo ta isa Jos ta bar sama da kashi ɗaya cikin goma na dawakanta a ƙasa, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa ya wuce digiri 38 ɗin da ake gwaji da shi. Masu walda, don Allah in an kawo muku aikin ƙugiya, ku nemi ƙashin mota, ku bar bamba ta huta.

Roƙona na ƙarshe kan takarda ne. An fara harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975. Faransa ta daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a 1983, mu kuwa muka ci gaba da ita har tsakiyar shekarun 2000. An harhaɗa Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Volkswagen a Legas. Duk waɗannan sun zo da littafin mai mota, da littafin gyara, da kalanda, da rasit, da tallar jarida. Ina suke? Da yawa an ƙunshe ƙosai da su, saura gara ta yi biki. Dattijon nan na Hershey ya samu wanda ya adana masa layin da ya gyara tarihin gidansu. Jikokinmu in suka yi gardama kan 504 ɗin kakansu, wa zai sunkuya ya zaro musu takarda?

In kun koma gida, ku buɗa tsohuwar adakar Baba da durowar gareji. Abin da kuka samu ku kaɗe masa ƙura, ku sa a leda, ku ɗauki hotonsa da waya, shafin gaba da na baya duka. Na gaba zai nuna wa yaranku abin da kakanninsu suka yi buri. Na baya, in sun karanta shi kafin su ɗaura kaya, zai iya dawo muku da su gida lafiya.

Jakar nan tana kan tebur, kowa na iya zuwa ya duba, sai dai a taɓa da busasshen hannu.  Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu sauka lafiya.